Insha'in Turanci a Sakandaren Sudan: Abin da 'Ya'yan Hausawa Ke Bari a Gida

Duk wanda ya karɓi littafin aikin Turanci na ɗalibin sakandare a Gadarif ko Sinnar ko Kasala, ya buɗe shafin insha'i, zai ga rubutu tsaf, jimloli a miƙe, babu kuskure sai ɗan abin da ba a rasa ba. In ya karɓi na abokin zamansa na benci, rubutun nan dai zai sake gani, kalma da kalma, har inda aka sa waƙafi. Malami ne ya rubuta a allo, ko ya karanto daga muzakkira, 'yan takardun bitar nan da ake sayarwa a shagunan littattafai, yara suka kwafa, aka ce su je su haddace kafin jarrabawa. Batutuwan ma sanannu ne, suna zagayowa kowace shekara: amfanin ilimi, illar shan taba, gurɓatar muhalli, wasiƙa zuwa ga aboki a ƙasar waje ana gayyatarsa ya zo ya ga Sudan. In jarrabawa ta ƙarato, tambayar da ɗalibi ya fi yi ita ce, "Ustaz, wanne zai fito bana?" Malami yakan ce, "Ɗana, ka karanta duka," alhali shi ma uku ko huɗu yake sa wa rai.

Sunansa darasin rubutu, amma yaro zai iya shekara uku a kansa ya fita bai taɓa zama da farar takarda ya nemo abin da zai faɗa da kansa da Turanci ba. Wannan ya shafi kowane ɗalibi a ƙasar. Sai dai ina ganin asarar ta fi yawa a wajen 'ya'yan Hausawa, domin suna zuwa aji da abin da darasin ya fi buƙata, kuma ba mai tambayarsu shi.

Mai karatu a Kano ko Katsina yana buƙatar ya san bambancin yanayin tukuna. A Najeriya, ko yaya makaranta ta lalace, yaro yana ganin Turanci a allon shago, yana jin sa a rediyo, da shi ake tambayarsa lissafi da kimiyya, kuma a jarrabawar WAEC insha'i mai kalmomi wajen 450 ake nema. A Sudan kuwa Turanci darasi ne guda cikin darussa, yana da 'yan lokutansa a mako, da an kaɗa ƙararrawa ya ƙare sai wata rana. Hausawan ƙasar kuma ba baƙin jiya ba ne. Hanyar hajji ta ƙasa ta daɗe tana ajiye mutanenmu a garuruwan da ke tsakanin Darfur da Bahar Maliya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'ar da ta rage, Fulani da Hausawa, suka zauna a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, a garin da har yau yake amsa sunansa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka jawo ƙarin ma'aikata daga yamma, daga baya noman dawa da riɗi na Gadarif shi ma ya ja nasa. Jikoki da tattaɓa-kunnen waɗannan mutane su ne ke zaune a aji yanzu. Da yawansu da Hausa suka buɗi baki a gida, suka koyi Larabcin Sudan a layi da kasuwa, suka tarar da Larabcin littafi a makaranta, Turanci ya zo na huɗu. Hausa kuwa ba ta cikin darussan makarantar gwamnati, don haka yaro yana jin ta sarai amma bai saba ganin ta a rubuce da boko ba.

Turancin makarantun Sudan ba a haka ya fara ba. An buɗe Kwalejin Gordon a Hartum a 1902, an kafa cibiyar horar da malamai ta Bahtar Ruda kusa da Duwaim a 1934, kuma a manyan sakandaren kwana irin su Hantub da Wadi Sayyidna da Hor Taggat da Turanci ake koyar da yawancin darussa, ɗalibi kuma yakan karanta littattafan labari da dama kafin ya fita. Amma 'yan ƙalilan ne suka samu shiga waɗannan makarantu, ɗan mai tsintar auduga da wuya ya kai can, don haka ba zamanin da za mu yi ta bege ba ne. Daga 1965 aka soma mayar da koyarwar sakandare zuwa Larabci. A 1990 gwamnatin Umar al-Bashir ta ɗauki wannan mataki a jami'o'i, ta kuma buɗe sababbi da yawa. A farkon shekarun 1990 ɗin ne aka soke matakin tsakiya da ke tsakanin firamare da sakandare, aka koma shekara takwas ta tushe da uku ta sakandare, aka kawo jerin littattafan Turanci na SPINE guda shida, ukun ƙarshe na sakandare. Karatun adabin Turanci ya ja baya ƙwarai a lokacin, sai daga baya aka dawo da wasu littattafan labari da aka sauƙaƙa. An yi wasu gyare-gyare tun daga nan: jerin SMILE, wanda aka shirya tare da British Council, ya sauko da fara Turanci zuwa aji uku, sannan bayan sauyin gwamnati na 2019 aka dawo da matakin tsakiya. Ni ban ga laifin a koyar da yaro da harshen da ya fi ji ba. Abin dubawa shi ne wanda ke tsaye a gaban aji yau. Shi ma a tsarin da aka rage karatu ya tashi, shi ma da insha'in hadda ya ci tasa jarrabawar. Mutumin da bai karanta labarai da yawa a cikin harshe ba, kunnensa bai gama sanin yadda jimlar harshen ke tafiya ba, yana da wuya ya nuna wa wani.

Sai kuma jarrabawar kanta. Shahadar Sudan, jarrabawar ƙarshen sakandare, ita ke yanke inda yaro zai nufa. Ana haɗa makin darussa bakwai a fitar da nisba, wato kashi cikin ɗari, da ita ake raba gurabun jami'a, kuma ɗan ɗigo yana iya raba mai shiga likitanci da wanda zai haƙura da wani fannin. Turanci yana cikin darussa huɗu na dole, tare da Larabci da addini da lissafi. Takardarsa tana ɗauke da auna fahimta da taƙaitawa da nahawu da rubutu, insha'in da ake nema kuma gajere ne, sau da yawa da 'yan kalmomi ko tambayoyin jagora a ƙarƙashinsa. Aikin da yaro ya yi a aji cikin shekara uku, da wanda ya kai gida ya kawo, ba su ne ke fitar masa da nisba ba. To a irin wannan tsari, me ɗalibi mai hankali zai zaɓa? In ya rubuta nasa, zai yi kurakurai rututu, kowanne ya ci masa maki. In ya zuba na hadda, mai duba takarda, wanda ke da tulin takardu a gabansa da 'yan kwanaki ƙididdigaggu, zai ga Turanci mai tsabta ya ba shi maki mai kyau. Ɗalibin bai yi wauta ba, malamin da ya ba shi wannan shawara ma bai ci amanarsa ba. Tsarin yana hukunta kuskure, ba ya saka wa wanda ya yi tunani, kuma a nan kasuwar muzakkira da darasin kuɗi na yamma take ci.

A yi wa malami adalci da lissafi. A ce yana da aji biyar, kowanne da ɗalibi sittin, wanda ba abin mamaki ba ne a makarantar gwamnati ta cikin gari. Littafi 300 ke nan. In ya ba kowane insha'i minti biyar kacal, ya karanta, ya ja layi, ya rubuta 'yar shawara a ƙasa, awa 25 ta tafi a kan aiki guda. Kuma mutumin nan ne albashinsa ya gaza kai shi ƙarshen wata, har malaman ƙasar suka yi ta yajin aiki a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Da yamma yana darasin kuɗi ko wata sana'a don ya ciyar da gida. Shi ya sa duba aiki ya koma alamar an gani da kwanan wata da sa hannu. In kowa ya rubuta abu ɗaya, dubawa ba ta da wuya. Duk mai shawarar gyara da bai fara da wannan lissafi ba, shawararsa ba za ta wuce mako guda a aji ba.

Aikin gida, wanda yaranmu ke ce wa wajib, yana da tasa matsalar dabam. A gidan da ke da yaya a jami'a, yayan ne zai rubuta. A gidan da ke da waya mai intanet, a da yaro yakan rubuta da Larabci ya sa manhajar fassara ta juya masa, yanzu kuma manhajoji irin su ChatGPT suna ba shi insha'in a kammale kafin ya gama shan shayi. A gidan da babu ko ɗaya, yarinya ta dawo ta tarar da girki da ɗiban ruwa da rainon ƙanne. Yaro yana taya mahaifinsa a kasuwa, ko in kaka ta yi ya tafi yankan riɗi, wanda ba ya jiran kowa, domin in ya bushe a tsaye zubewa yake yi. Da dare wuta ta ɗauke. Da safe sai ya ari littafin aboki ya kwafa a tsaye kafin a shiga layi. Malami ya karɓa ya ba wannan takwas, wancan huɗu, yana zaton yaran ya auna, alhali gidajen da suka fito ya auna. Abin da na fahimta daga nan shi ne, rubutun farko ya kamata a yi shi a aji, a gaban malami, ko da na minti goma sha biyar ne. Abin da za a ba yaro ya kai gida kuwa ya zama irin wanda kowane gida zai iya bayarwa, mai wuta da marar wuta: ya tambayi wani babba, ya saurara, ya kalli wani wuri da kyau, ya dawo da abin da ya ji ya gani.

Ba na cikin masu zagin hadda. Mu mutanen allo ne. Yaron da ya yi makarantar allo, wadda a nan ake kira halwa, ya san zama da nassi har ya zauna masa a ka, kuma wannan baiwa ce babba a koyon harshe. Aikatau na Turanci da ba sa bin ƙa'ida sai an haddace su. Yadda ake rubuta kalmominsa, waɗanda sau da yawa ba sa bin yadda ake furta su, sai an haddace. Buɗe wasiƙa da rufe ta, sai an haddace. Amma nassin da muke ɗauka a allo ana so ne a mayar da shi yadda yake, ba ƙari ba ragi, nan darajarsa take. Insha'i kuwa ana so ne a ji abin da wannan yaron zai ce a kan wannan batu. Wanda ya haddace jimla guda ya koyi sauya sassanta, ya samu abin da zai yi ta aiki da shi har ya tsufa. Wanda ya haddace shafi guda, da mai tambaya ya ɗan karkata batun, ya ce a rubuta illar taba ga aljihu maimakon ga lafiya, sai ya zuba haddarsa inda ba ta dace ba, ko ya bar fili. Zanen aro ba ya rufe katara.

Inda ɗan Bahaushe ke yin asara ta musamman shi ne hanyar da Turanci ke bi kafin ya iso gare shi. Malami da Larabci yake bayani, muzakkira da Larabci take fassara. Yaron ya yi tunani da Hausa, ya mayar da shi Larabci, sannan ya nemi Turancinsa, alhali a wurare da dama Hausar ta fi kusa da inda zai je. Jimlar Larabcin littafi takan fara da aikatau, Hausa kuwa mai aikin take fara ambata, sai aikin, sai abin da aka yi wa: Musa ya sayi dawa. Haka Turanci yake jera tasa. Balarabe yana faɗin cewa wane malami ne ba tare da ya sa komai a gurbin "ne" ba, shi ya sa ɗalibai da yawa ke manta "is". Bahaushe kuwa in ya ce "shi malami" ya tsaya, kunnensa zai ji jimlar ba ta cika ba, kuma malamin da ya san haka zai iya ɗora darasinsa a kai. Ƙananan kalmomin nan biyu, "a" da "the", suna ba ɗalibai wahala shekara da shekaru, domin Larabci yana da alif da lam amma ba shi da kalmar da ke tsayawa a gurbin ta farkon. Duk yaron da aka taɓa yi wa tatsuniya kuwa ya san ana fara cewa "wani sarki", in aka sake ambatonsa sai a ce "sarkin". Ba daidai suke da Turanci ɗari bisa ɗari ba, tunda Hausa tana iya barin suna haka nan babu komai a jikinsa, amma asalin dabarar, sabon abu da wanda aka riga aka sani, tana bakinsa tun yana ƙarami. Akwai kuma inda harsunan biyu suka haɗu suka rikita shi. Hausa da Larabci duk suna raba abubuwa namiji da mace, sai yaro ya kira teburi da lamirin namiji, mota da na mace. Sautin p babu shi a Larabci, a Hausa kuma yana cuɗanya da f, sai kalma guda ta fito masa iri biyu ko uku. Rubutun Larabci ba shi da babban baƙi da ƙarami, kuma yana son sarƙa jimloli da wawun haɗi, maganar Hausa ita ma tana tafiya da "sai" da "kuma", don haka sakin layin yaro yakan fito jimla ɗaya doguwa babu aya sai a ƙarshe. Waɗannan kurakurai suna da tushe sananne. Ana iya ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, amma sai yaro ya rubuta nasa za su bayyana. Insha'in hadda ɓoye su yake yi.

Duk da haka, asarar da ta fi damuna ba ta nahawu ba ce. Yaro yana koyo tun da wuri cewa Hausa ta cikin gida ce. Sunan Fallata ko Takari, wanda ake kiran mutanen yamma da shi, wani lokaci a matsayin gori yake fitowa daga bakin mai faɗa. Maganar takardun zama ɗan ƙasa ta wahalar da gidaje da yawa waɗanda kakanninsu a Sudan aka binne su. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu ya kuma raba dubbai da gidajensu, ya ƙara wa yara da yawa dalilin yin shiru a kan asalinsu. Yaron da aka taɓa yi wa dariya saboda karin harshensa, in aka ce ya rubuta labari, ba zai rubuta cewa mahaifinsa mai agashe ne ba, ko da rabin ajin da yamma wajen mahaifin nasa suke layi. Zai rubuta ziyarar da ya kai Landan, garin da bai taɓa gani ba, da jimlolin da ba nasa ba. Ga shi kuwa a gidansu akwai tsohuwar da ta ji daga bakin iyayenta yadda aka yi shekaru a hanya, ana tsayawa a yi noma ko ƙodago a tara guzuri, daga Barno zuwa Abeshe, zuwa Jinaina da Fashir da Ubayyid, har Sawakin inda ake tsallaka ruwa zuwa Jidda. Akwai wanda aka haifa a hanya, akwai wanda aka binne a hanya, akwai wanda ya yi niyyar wata biyu a gari ya shekara arba'in. Ƙagaggen rubutu ba ya buƙatar fiye da haka: mutum, wuri, abin da ya faru, da muryar mai ba da labari. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ma tana da ginin da malamin rubutu zai so ɗalibansa su iya. Tana da mabuɗi da marufi tsayayyu, abu yakan faru sau uku da ɗan sauyi kowane karo, ga waƙa tana dawowa. Ga ɗalibin da Turancinsa bai yi ƙarfi ba, wannan maimaici rahama ne, domin zai gina jimla guda mai kyau ya yi amfani da ita sau uku yana sauya kalma ɗaya ko biyu, ya fita da labari cikakke wanda nasa ne.

Yaya wannan zai kasance a ajin mutum sittin? Malami ya ce wa ajin duka, ba 'ya'yan Hausawa kaɗai ba, kowa ya tambayi wani babba a gidansu yadda iyalinsu suka zo garin, ko yadda ya koyi sana'arsa, ya rubuto amsa biyar da duk harshen da ya ga dama. A gari irin Gadarif ko Kasala kusan kowane gida daga wani wuri ya zo. Ɗan Bija da ɗan duwatsun Nuba da ɗan Darfur da ɗan arewa kowa yana da tasa hanyar, don haka ba wanda za a nuna da yatsa. Washegari a aji, minti goma sha biyar, kowa ya mayar da amsoshinsa jimla takwas na Turanci a shuɗaɗɗen lokaci. A musanya littattafai, abokin zama ya duba abu ɗaya tak, aya da babban baƙi, kada ya taɓa sauran. A darasi na gaba a sake rubutawa, a ƙara layi guda na magana daga bakin wanda aka tambaya. Malami ya ɗauki littafi goma kawai daga kowane aji a mako, cikin mako shida ya zagaye kowa, kuma ya raba makinsa biyu, na abin da aka faɗa da na yadda aka faɗe shi, don yaron da ya kawo labari mai rai da nahawu mai rauni ya ga cewa rabin aikinsa ya karɓu. Wannan aiki waya ba za ta iya yi wa yaro ba, tunda ba ta san abin da kakarsa ta ce ba.

Za a ce malami yana da littafin da dole ya gama, muwajjih, wato sufeton makarantu, kuma in ya zo duba aiki babin da aka kai zai tambaya. Gaskiya ne. Amma shuɗaɗɗen lokacin nan yana cikin babin, kuma mintunan da ake nema su ne dai waɗanda ake kashewa wajen kwafar insha'i daga allo. Za a kuma ce jarrabawa ba ta ba da lada a kan wannan. Kai tsaye ba ta bayarwa, amma ɗalibin da ya rubuta gajerun rubutu ashirin ko talatin da hannunsa ya san kurakuransa, kuma in batu ya zo masa a karkace ba zai firgita ba. Abin da ba za a ɓoye ba shi ne, a watannin farko littafin yaro zai fi na da muni a ido. Jan biro zai yawaita, rubutu zai gajarta. In ba a yi wa iyaye da shugaban makaranta bayani tun farko ba, za su ce malamin ya lalata yara, shi kuma ya koma allo da muzakkira don ya tsira da mutuncinsa.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF ya ƙara wa duk wannan nauyi. A watan Oktoba na shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Makarantu a Gadarif da Kasala da Bur Sudan sun zama masaukin waɗanda suka gudo. Madani, babban birnin Jazira, ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, faɗa ya yi tsanani a jihar Sinnar a tsakiyar 2024, wato yankunan da Hausawa suke da yawa. Shahadar da ya kamata a rubuta a 2023 sai a ƙarshen Disamba 2024 aka zauna ta, kuma ɗalibai da yawa a Darfur da wasu yankuna ba su samu zama ba. Waɗanda suka koma aji sun koma da giɓi, kuma Turanci yana cikin darussan da suka fi saurin zubewa, tunda ba a jin sa a wajen makaranta. A irin wannan hali kowa zai ce babu lokacin labari, a ba su hadda su tsallake. Na fahimci wannan, amma yaron da ya yi shekara biyu bai riƙe biro ba ya fi kowa buƙatar ya soma da jimla biyar da ya fahimta. Gajeren rubutu kuma ya dace da tsadar takarda.

Akwai wani kuskure da malami mai kyakkyawar niyya zai iya faɗawa, wato ya ce kowa ya rubuta ranar da yaƙi ya iso garinsu. Wasu yaran suna so su faɗa, kuma rubutu zai yi musu amfani. Wasu ba za su iya ba, kuma ba daidai ba ne a tilasta su don maki. A ba da zaɓi biyu ko uku, ɗaya daga ciki ya zama ba ruwansa da yaƙi. A bar mai so ya sa wa labarinsa wani suna da wani gari, domin ƙagaggen labari yana ba yaro damar faɗin abin da ya same shi ba tare da ya ce shi ne ba. Kada a karanta irin wannan rubutu a gaban aji sai da yardar mai shi. In yarinya ta rubuta yadda aka rasa mahaifinta a hanyar gudu, ranar ba ranar gyaran aikatau ba ce. Malami ya karanta, ya gaya mata ya karanta, gyaran ya jira wani aikin.

Iyayen da ba sa jin Turanci sukan ɗauka ba su da abin yi a nan sai biyan kuɗin darasi. Suna da shi. Uwa tana iya cewa, "Zo nan, 'yata, faɗa mini da Hausa abin da kika rubuta." In rubutun nata ne, za ta faɗa har ta ƙara da abin da ba ta samu Turancinsa ba. In na hadda ne, a jimla ta biyu za ta tsaya, uwar kuma ta san abin da za ta je ta tambayi ustaz. Ranar da yaro ya zo da tambayoyinsa wajen kaka ko baffa, kada a sallame shi da "mun zo tun da daɗewa". A gaya masa sunan garin da aka taso, da garuruwan da aka yada zango, da sana'ar da aka yi a kowanne, da wanda ya rage a hanya, a kuma bar shi ya rubuta sunayen yadda aka faɗa masa.